Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu gonakin kajin ƙwai na Kumasi da kewaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena Alhazai da Hajiyoyi, yayyena da ƙannena masu kiwon kajin ƙwai tun daga Kenyase zuwa Ejisu, daga Abuakwa har hanyar Offinso, ina gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi. Allah Ya albarkaci dukiya, Ya tsare kajinku daga annoba.

Da yawanku kun san fuskata ko da ba ku riƙe sunana ba. Ni ne mai zuwa da aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kafin kiran assalatu, in loda kiret, in rarraba wa masu shayi da masu waace (shinkafa da wake) da matan da ke dafa ƙwai da yaji a Aboabo da Asawase da Sawaba. Kafin in fara sari na yi shekara 8 ina yaron gona: na kwashe kashi, na ɗauki buhun dusa a ka, na kwana a ɗakin kwano kusa da kaji. Abincina yana hannunku, na sani. Saboda haka ku ɗauki abin da zan faɗa a matsayin gyara kayanka, wanda bai taɓa zama sauke mu raba ba.

A damanar da ta wuce na koma gida da kiret ɗaya na fasassun ƙwai, irin waɗanda kuke ba mu da rahusa. Uwargida ta soya wa yara da safe, ruwa-ruwa yadda suke so, suka dangwala da burodi. Washegari da dare mutum uku a gidana suna zagayawa bayan gida. Manyan biyu suka warware da kansu. Ƙaramar, 'yar shekara huɗu, jikinta ya ɗauki zafi kamar garwashi, tana riƙe ciki tana kuka har muryarta ta dishe, idanunta suka faɗa. Kwana biyar muka yi a asibiti ana ƙara mata ruwa. Da sakamakon gwajin bayan gidanta ya fito, likita ya ce ƙwayar cutar Salmonella ce, ya tambaye ni me ta ci. Ban iya kallon fuskar mahaifiyarta ba, domin ni na ɗauko kiret ɗin da hannuna, kuma na san gonar da ya fito.

Ba zan faɗi sunan gonar ba, mai ita mutumin kirki ne, ya sha ba ni kaya bashi. Amma da na koma lodi bayan an sallame mu, sai na roƙi yaron gona ya buɗe min ɗakin ajiye abinci, na haska da tocilar waya. Buhunan suna jingine da bango, a ƙasa kai tsaye. Gindin na ƙasa duk an huda, garin masara ya zubo ya yi hanya. A kan bakin buhun da aka buɗe jiya, baƙin kashin ɓera ne warwatse kamar an barbaɗa ƙanumfari. Na ɗaga hasken sama, sai ga idanu suna ƙyalli a kan katakon rufi. Muka shiga ɗakin kajin, a cikin kwamin abinci ma ga kashin nan gauraye da dusa, kuma da gari ya waye kaza za ta tsattsage shi tare da abincinta ba tare da ta bambance ba. Yaron ya ce min, "Yaya, ai kowace gona haka take." Wannan maganar tasa ce ta hana ni barci, don na san ba ƙarya ya yi ba. Ni ma haka na saba gani shekara 8, ban taɓa haɗa shi da cikin yaro ba.

Abin da ya sa lamarin ya fi ƙarfin mai sari da mai saye shi ne, akwai nau'in wannan cuta da ake kira Salmonella Enteritidis wanda ba a bayan ɓawo kawai yake tsayawa ba. Yana shiga jikin kaza ya zauna a mahaifar ƙwanta, ya shiga cikin ƙwan tun ɓawo bai rufe ba. Kazar kuwa tana ci, tana sha, tana saka ƙwai, toronta ja wur, ba alamar ciwo. Ƙwan ya fito fes, ba tsaga ba wari. In na ɗaga shi a rana ba zan ga komai ba, Hajiya mai waace ba za ta gani ba, uwar da ta saya wa ɗanta ba za ta gani ba. Wanda ya ci bai dahu sosai ba, tsakanin awa 6 zuwa kwana 6 sai zawo da zazzaɓi da murɗar ciki. Mai ƙarfi yakan tashi cikin kwana 4 zuwa 7. Ƙananan yara, tsofaffi, masu juna biyu da marasa lafiyar da jikinsu ya yi rauni, su ne take kayarwa, wani lokaci ta shiga jini. A Zango kuwa in haka ta faru sai a ce shawara ce, ko taifot, ko an sha ruwa mara kyau. Babu mai waiwayar kiret. Shi ya sa ba ku taɓa jin ƙara ba, Alhazai. Mutane na kwanciya, sawun ne ba ya komowa ƙofarku.

Ɓera shi ne dillalin wannan cuta a gona. Masu bincike a Amurka sun auna, suka tarar ƙwayar kashin ɓera guda ɗaya tak na iya ɗaukar ƙwayoyin cutar sama da 200,000, kuma ɓera ɗaya na zubar da irin wannan kashi da dama a dare guda, galibi a inda yake ci. Abin da ya fi ɓata rai, ko kun sayar da tsofaffin kaji, kun wanke ɗaki, kun fesa magani, kun bar shi ya huta, ɓeran yana cikin raminsa da cutar a cikinsa yana jira. Ranar da kuka zuba sababbin 'yan kaji masu tsada, a daren zai fito ya miƙa musu abin da tsofaffin suka bari. Haihuwa kuma ba ya wasa da ita: cikin mako uku macen ta haihu, 'ya'yan cikin mako shida sun isa haihuwa. Ƙuda na bin bayansa, daga kashi zuwa kwamin abinci zuwa bayan ƙwai, kuma a irin zafinmu daga ƙwan ƙuda zuwa mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Ga tattabaru da tsuntsayen da ke shigowa ta yagaggen raga, ga ƙadangaru a bango, ga ƙananan baƙaƙen ƙwarin da ke cikin garin katakon shimfiɗa waɗanda kaji ke caccaka. Duk suna iya ɗauka.

Kada a ce wannan matsalar talakan manomi ce. A 2010, a jihar Iowa ta Amurka, an janye ƙwai sama da miliyan 500 daga kasuwa, wato kiret sama da miliyan 16 a lissafinmu, a ɓarkewar cutar da aka danganta da kamuwar kusan mutum 2,000. Da jami'an gwamnati suka shiga gonakin, abin da suka rubuta shi ne abin da na gani da tocilata: ɓeraye da ramukansu, ƙudaje da tsutsa ba iyaka, tsuntsayen daji a cikin ɗaki, da tulin kashi da ya fi tsayin mutum har yana tura ƙofa. A 2015 kotu ta ɗaure mai kamfanin da ɗansa wata uku-uku. A wannan shekara ta 2010 ne dokar kiyaye ƙwai ta ƙasar ta fara aiki, wadda daga baya ta hau kan duk gonar da ke da kaji 3,000 zuwa sama. Ta wajabta rubutaccen tsarin yaƙi da ɓera da ƙuda, da gwada kashin ɗaki a lokacin da kaji ke mako 40 zuwa 45, da sanya ƙwai a sanyin digiri 7 daga awa 36 bayan an saka shi.

Na san sanyin nan ya fi ƙarfin yawancinmu, da kuɗin wuta da ɗaukewarta. Amma a cikin tsarin nasu akwai abu ɗaya da na karanta na ce wallahi wannan ko yaron gona zai iya, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙidayar ɓera. A ɗana tarko 12 a ɗakin kaji ɗaya, a jikin bango da lungunan da ake ganin kashi da sawu. A bar su kwana 7, ana dubawa, wanda bai kama komai ba a matsar da shi wani wurin. Ranar bakwai a haɗa jimla a rubuta a littafi. Daga sifili zuwa 10, da sauƙi. Daga 11 zuwa 25, an fara cin ƙarfinku. Daga 26 zuwa sama, ɓera ne mai gonar. Wata mai zuwa a sake. Ƙuda ma haka: a rataye fararen katuna a wurare daban-daban, bayan mako a ƙirga ɗigon da ya bari, a rubuta. Littafin makaranta na sidi kaɗan ya isa.

Me ya sa na nace a kan littafi? Domin yawancinku ba a gona kuke kwana ba. Alhaji zai zo da hantsi ranar Asabar, a lokacin an share, ɓera yana barci, ya tambayi yaro, "Lafiya dai ko?" Yaro ya ce lafiya lau. Ni ma haka nake cewa a lokacina, don wanda ya kawo wa maigida mummunan labari shi ake fara zargi da lalaci. Lamba kuwa ba ta jin tsoron maigida. In watan jiya 9 ne, wannan watan 23, to akwai inda bango ya tsage, sai a tashi nema tun kafin ƙwan ya kai kasuwar Kejetia.

Kuma mun ga yadda bin ƙa'ida don tsoro yake ƙarewa. Da murar tsuntsaye ta shigo Gana a 2007, ta dawo a 2015, ta sake dawowa a 2021, kowace ƙofar gona sai da ta samu kwamin tsoma ƙafa cike da magani. Ni kaina an sha tsayar da ni a waje, a fesa wa tayoyin aboboyata magani kafin in shiga, kuma na ji daɗin haka. Yau ku je ku duba kwamin nan. Wani ya bushe ƙurmus, wani ruwan sama ne a ciki da ganye, wani an ɗora katako a kai ana tsallakewa. Murar tsuntsaye tana kashe kaji a gaban idonku, shi ya sa aka ji tsoronta. Salmonella kazar take bari da rai ta je ta kayar da ɗan wani a Sawaba.

Sauran aikin kun fi ni saninsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙaramin ɓera ramin da fensir zai shiga ya ishe shi, don haka siminti da ragar ƙarfe za a bi da su, tsumma da kwali ba sa tare shi. A nome ciyawa a bar fili fayau kewaye da ɗaki, a kwashe tsofaffin kwanuka da tayoyi da katakon da aka jibge a baya. Buhu ya hau kan dandamali, nesa da bango, yadda mutum zai iya zagayawa da tsintsiya. Abincin da ya zube a share kafin magariba. Mushen kaza a binne da zurfi ko a ƙone a ranar, kada a wurga bayan katanga. Famfon shan ruwan da ke ɗiga a gyara, domin jiƙaƙƙen kashi shi ne gidan haihuwar ƙuda, busasshe kuwa ba ya yi masa daɗi. A riƙa tsince ƙwai sau biyu ko uku a yini.

Inda nake so in ja hankalinku da ƙarfi shi ne guba. Na san halinmu: ana cewa ɓera, sai a aiki yaro kasuwa ya sayo baƙin gari a leda marar suna, a kwaɓa da kifi a watsa a lungu. Kaza ta fita ta ci, ko ɓeran ya mutu a cikin shimfiɗa kaji su yage shi, ko mage da karen gona su tafi. Na taɓa ganin an fesa maganin ƙwarin gonar koko a ɗaki, kaji na ciki, ƙwai na cikin akwatin saka. An sayar da kare an sayi biri ke nan. A 2017 Turai ta ga irin wannan: wani maganin ƙuma mai suna fipronil, wanda aka haramta a jikin dabbar da za a ci, aka gauraya shi a ruwan feshin gonakin kaji a Holan da Beljiyam, sai ga shi a cikin ƙwai, aka kwashe miliyoyi daga kantuna a ƙasashe da dama, aka rufe gonaki. A nan Gana hukumar kare muhalli ta EPA ce ke yi wa magungunan ƙwari rajista. Abin da ba shi da takarda a jiki kada ya shiga gonarku. Gubar ɓera a sa ta a rufaffen akwati ko guntun bututu da kaza ba za ta kai baki ba, a jikin bango ta waje, a rubuta ranar da aka sa. Haka maganin ƙwayoyin cuta da ake zuba wa kaji a ruwa ba likita ba lissafi: ba ya raba kaza da Salmonella, sai dai ya koya wa cutar jure magani, ranar da yaro ya kwanta a ba shi irinsa ya ƙi ji. Kuma kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba cewa kada a sayar da ƙwai bayan an ba da magani, nawa ne cikinmu ke ƙirga su?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu sari muna da namu kason, kuma ba zan ɓoye ba. Kiret ɗin takarda ɗaya muna yawo da shi daga gonar Dormaa Ahenkro zuwa shago a Aboabo, zuwa gonarku, da busasshen gwaiduwa da kashi a jikinsa, har sai ya ruɓe. Kyankyaso na kwana a cikinsa a shagunanmu. Muna barin lodi a rana tsaka a bakin titi, alhali zafi da daɗewa su ke raunana fatar gwaiduwa, cutar ta samu shiga ta hayayyafa. Muna wanke mai datti da ruwan sanyi a bokiti ɗaya don ya yi kyan gani, ba mu san muna goge rigar da Allah Ya yi wa ɓawon ba, muna tura dattin ciki ta ƙananan ƙofofinsa. Fasassu kuma mu ke rububinsu saboda riba. Ni dai na daina ɗaukar fasasshe tun daga kwanciyar 'yata, kuma kowane mai shayi da nake kai wa kaya na roƙe shi ya soya har gwaiduwa ta daskare, musamman in yaro ne ko mai ciki za su ci. Matasan da ke fasa ɗanye a cikin lemon malt da madara wai ƙarin jini, su ma ina faɗa musu. Ina roƙonku ku hana kiret ɗinmu wuce ƙofa. Ku ajiye na roba da ake wankewa don cikin ɗaki, a juye mana a waje. Ko ni na zo da gardama, ku hana ni.

Za ku ce masara ta yi tsada, waken suya ya yi tsada, ina kuɗin wannan duka? Gaskiya ne, ina ganin yadda wasunku suka rage kaji, wasu suka rufe. To amma ku yi lissafin nan. Babban ɓera na cin kimanin giram 25 a rana. Guda ɗari za su cinye buhu mai kilo 50 cikin kwana 20, ban da wanda suka ɓata da fitsari, da buhun da suka huda, da wayar wutar da suka gaigaya. Kuɗin tarko da siminti kuna biyansa tuni, ɓera kuke miƙa wa. Sannan ku dubi Ingila. A 1988 wata ministar lafiya ta fito ta ce yawancin gonakin ƙwan ƙasar na da Salmonella, cikin 'yan kwanaki kasuwar ƙwai ta rushe, mai laifi da marar laifi duk suka kwana ciki. Manoman da kansu suka haɗu, a 1998 suka fito da tambarin zaki: a yi wa kaji rigakafi, a bi ƙa'idar tsafta, a buga wa kowane ƙwai lambar gonarsa da kwanan wata. Zuwa 2017 hukumar abincinsu ta ce ƙwai mai wannan tambari ko mai ciki da jariri za su iya cinsa ruwa-ruwa. A zamanin WhatsApp, saƙon murya ɗaya da aka ce ƙwan Kumasi ya kwantar da 'yan makaranta ya isa ya bar ku da kiret jibge har rufi.

Doka ma tana nan. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta hana sayar da abincin da zai cutar, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA na da ikon bi. Amma jami'i nawa ne, gona nawa ce? Tankas, wato duba-gari, na zagayen gidajen Zango suna leƙa randa, gonar da ke bayan gari kuwa sai a shekara ba a ga kowa ba. Kada ku jira su. Ofishin likitocin dabbobi yana nan Amakom, makarantar likitancin dabbobi tana jami'ar KNUST. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku gayyaci likita ya ɗebi kashin ɗakunanku ya gwada, ku tambaye shi zancen rigakafin Salmonella, ku tambayi mai sayar muku da 'yan tsaki ko an gwada iyayensu, domin cutar na biyo ɗan tsako tun daga ƙyanƙyasa. Ku rubuta ranar tsinta a jikin kiret ko da alli ne. Yaran gona kuma, don Allah ku saya musu takalmin roba na kowane ɗaki, ku ajiye sabulu da ruwa a ƙofa, kuma wanda ya kawo muku labarin ɓera ku gode masa a gaban sauran.

Malamanmu na yawan karanta mana hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tulin abinci a kasuwa, ya tura hannunsa ciki ya ji danshi, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Hatsi ana iya tura hannu a ciki. Ƙwai babu mai iya tura hannu a cikinsa, sai mai gonar da ya san abin da ke yawo a ɗakin kajinsa da dare.

Na sayi tarko 12 da littafi ɗaya da kuɗina. Duk wanda ya yarda a cikinku, in na zo lodi ranar Asabar zan ɗana su tare da yaronsa, in dawo Asabar ta gaba mu ƙirga, lambar kuma ta tsaya tsakanina da shi. Daga bayan Babbar Sallah, kafin in ɗora kiret a aboboya zan riƙa neman a nuna min littafin, kuma ina roƙon kada ku ɗauke shi raini.

Wassalam.

Ɗanku kuma abokin cinikinku,
mai sarin ƙwai daga Aboabo, Kumasi